Yankan albashi don rashin zuwa dawra: ina ikon kamfani ya tsaya a Saudiyya?

Bayan sallar isha'i ne, muna zaune wurin mai shayin da muka saba haɗuwa a Shara Mansur, sai ga wani yaro ɗan garinmu da ke gyaran ɗakuna a ɗaya daga cikin otal-otal ɗin da ke kewaye da Harami. Sallama kawai ya yi, ko zama bai yi ba ya miƙo mini waya.

"Kawu, don Allah duba mini wannan. Ɗari shida suka cire."

Saƙon banki ne: riyal 1,200 ya shiga, alhali albashinsa 1,800 ne. Ya goga allon ya nuna mini hoton takardar albashin da ya ɗauko a ofis. Layi ɗaya tak ne ya yi bayanin kuɗin, da Larabci: khasam, wato yankan albashi, saboda rashin halartar dawra, wato kwas ɗin koyon kashe gobara. Na tambaye shi yaushe aka yi dawrar, ya ce Juma'a da safe, ranar hutunsa. Yaushe aka sanar? Daren Alhamis wajen sha ɗaya, a zauren WhatsApp na ma'aikata, shi kuwa yana Jidda wurin gwaggonsa da aka kwantar a asibiti. An kira ka ofis an ji ta bakinka? A'a. An ba ka wata takarda? A'a, sai da albashi ya shigo ya gani.

Nan take majalisa ta rabu biyu. Wani dattijo da ya haura shekara talatin a Makka ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri. Ƙasar mutane ce, abinci ka zo nema ba rigima ba." Wani direba kuma ya ce ai wannan sata ce tsagwaronta, babu mai ikon taɓa maka ko halala ɗaya a albashinka. Da kyakkyawar niyya duka suka yi magana, amma babu wanda ya faɗi abin da doka ta ce. Kamfani yana da ikon ladabtar da ma'aikaci har ya taɓa aljihunsa, sai dai an ɗaure ikon da sharuɗɗa, kuma yawancin khasam ɗin da ake kawo mini in duba, a wajen sharuɗɗan nan suke faɗuwa tun kafin a kai ga tambayar ko mutum ya yi laifi ko bai yi ba.

Dokar da ake magana ita ce Nizamul Amal, dokar ƙwadago ta Saudiyya, wadda aka kafa da umarnin sarki mai lamba M/51 a 2005, aka yi ta yi mata gyara, na baya-bayan nan mai girma ya fara aiki a Fabrairun 2025. Ba ta 'yan ƙasa ba ce su kaɗai. Duk ma'aikacin da ke kamfani mai zaman kansa da kwantiragi, Bahaushe ne ko Bamisre ko ɗan Bangaladesh, ta hau kansa. Amma sashe na 7 ya fitar da wasu, kuma namu suna da yawa a cikinsu: masu aikatau a gidaje, direban gida da makamantansu. Su tasu ƙa'idar daban ce, ta Musaned, shafin gwamnati na masu aikin gida, ake bin lamarinsu. Wanda kuwa yake aiki ba iƙama, wato takardar izinin zama, ko yake yi wa wani aiki ba kafilinsa da iƙamar ke ƙarƙashinsa ba, matsalarsa ta wuce ta khasam, ba ita ce a gabanmu yau ba.

Abin da ya fi rikita mutane kalmar khasam ɗin ce kanta, don abu biyu ake kira da ita, kuma ba 'yan uwan juna ba ne. Akwai kuɗin lokacin da ba ka yi aiki ba. Albashi ladan aiki ne. In ka ƙi fitowa ranar Litinin ba izini ba uzuri aka ƙi biyan ka ta Litinin, ba a ƙwace maka komai ba, kuɗin ne tun asali bai zama naka ba. Akwai kuma tara, wadda doka ke kira garama: ka yi aikin, kuɗin ya zama haƙƙinka, sannan a gutsuri wani abu a ciki don an same ka da laifi. Wannan ta biyun ita ce aka kewaye da shinge. Yaron nan bai yi fashin ko awa ɗaya ba a watan, ranar da bai je ba ranar hutunsa ce. Ke nan riyal 600 ɗin tara ce zalla, da ma'aunin tara za a auna ta.

Wani abin dariya, mu a Hausa kalma ɗaya muke da ita. Wanda aka tura ya koyo aiki mu ce yana samun horo, wanda aka ladabtar mu ce an yi masa horo. Yaron ya kuɓuce wa wani horon ya faɗa wani. Don kar mu ruɗe, zan ci gaba da cewa dawra kamar yadda kowa ke faɗa a nan.

Kafin a fara murnar kamfani ya yi kuskure, bari in tsaya a kan ɓangaren da matasanmu ba sa son ji. Ba alfarma ma'aikaci yake yi wa kamfani ba in ya je dawra. Sashe na 65 ya ɗora masa bin umarnin mai aiki, wato wanda ya ɗauke shi aiki, matuƙar bai saɓa wa kwantiragi ko doka ko tarbiyya ba, kuma ba zai jefa shi cikin haɗari ba. Sashe na 123 ya wajabta wa mai aiki ya sanar da ma'aikaci haɗurran aikinsa tun kafin ya fara, ya ba shi kayan kariya, ya koya masa amfani da su. Na 124 ya juyo kan ma'aikacin, ya ce dole ya yi amfani da kayan, ya bi ƙa'idojin da aka sa don kare lafiyarsa. Wasu dawrorin ma ba kamfani ne ya ƙirƙiro su ba. Ma'aikacin gidan abinci ko shagon aski ba ya samun shahadar lafiya, wato takardar shaida ta baladiyya, hukumar birni, sai an gwada shi a asibiti ya kuma zauna darasin tsafta, in jami'ai suka shigo suka tarar da shi ba shahada, mai shagon ne zai ji a jikinsa. Ma'aikatan jinya da likitoci, har da namu da ke asibitocin ƙasar nan, ba a sabunta musu rajista a hukumar ƙwararrun lafiya sai sun cika awowin ƙarin ilimi. Otal kuwa, Difa'ul Madani, hukumar kashe gobara da agajin gaggawa, na kansa a kan batun gobara.

Ka ɗauki otal mai hawa ashirin a Makka cikin goman ƙarshe na azumi. Kowane ɗaki cike da tsofaffi, wasu a keken guragu, da yawansu ba Larabci ba Turanci. An dawo daga asuba kowa ya kwanta, sai ƙararrawa ta ɗauka. Wanda zai nuna musu matakalar gudu ba mudir ba ne, wato manaja, shi yana gidansa a Awali yana barci. Yaron nan ne da ke hawa na sha huɗu yana tura keken zannuwan gado. In shi ma lif ya nufa da su, an shiga uku. Don haka ni ban ga laifin kamfanin da ya tsananta a kan irin wannan dawra ba, kuma doka tana bayansa. Sashe na 80, wanda ya lissafa abubuwan da ake korar mutum a kansu ba sanarwa ba kuɗin sallama, ya haɗa da ƙin bin halastaccen umarni, da yin watsi da gangan da ƙa'idojin tsaro da aka liƙa a fili, bayan an yi wa mutum inzari, wato gargaɗi, a rubuce. Wanda ya mayar da ƙin zuwa dawra al'ada, ba khasam kaɗai ke jiransa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

To amma ga inda gizo ke saƙar: yaushe aka sa dawrar?

In cikin dawam, wato lokacin aiki, aka sa ta, magana ta ƙare. Lokacin kamfani ne, ya biya ka a kansa, ya ga dama ya ce yau maimakon gyaran ɗaki ka zauna ka saurari mai koyarwa. Ka zame ka tafi sakan, masaukin ma'aikata, ka kwanta, ka bar wurin aiki ne ba izini, kuma hukuncin wannan a rubuce yake. In kuwa a wajen dawam aka sa ta, sai a koma ga lissafin lokaci. Sashe na 98 ya ƙayyade aiki awa 8 a rana ko 48 a mako, a watan azumi kuma awa 6 a rana ko 36 a mako ga Musulmi. Sashe na 104 ya ce Juma'a ranar hutu ce da cikakken albashi, ana iya musanya ta da wata rana ga wasu ma'aikatan, amma ba a sayenta da kuɗi a ce an shafe ta. Sashe na 107 ya ce awar da ta ƙaru a kan dawam ana biyanta kuɗin awa, a ɗora rabin kuɗin awa na ainihin albashi, kuma awowin da aka yi aiki a ranakun hutu da na salla duk cikin ƙarin lokaci suke.

In ka jera waɗannan kusa da juna, abin da nake karantawa a ciki shi ne kamfani ba zai ci biyu ba. Ya ce zuwa dole ne? To ya karɓe lokacin daga hannunka ke nan, lokacin da mai aiki ya mallake kuwa aiki ne, sai a lissafa a biya. Ya ce ai ba aiki ba ne shi ya sa ba a biya? To da wace hujja ake hukunta wanda bai zo ba? Sashe na 70 ma da wannan ya buɗe, cewa ba a hukunta ma'aikaci kan abin da ya faru a wajen wurin aiki sai in yana da alaƙa da aikin ko mai aikin ko manajansa. Kamfani zai ce ai dawra tana da alaƙa da aiki. Gaskiya ne. Sai dai da bakinsa ya amsa cewa aiki ce.

Na tambayi yaron ko abokansa da suka je ranar Juma'ar an biya su wani abu. Ya yi dariya. Ruwan gora da sanwic aka raba musu. Na ɗauki biro na yi lissafin a bayan kwalin shayi, kowa yana leƙe. A wurin doka wata kwana 30 ne, don haka mai 1,800 yininsa riyal 60 ne, awarsa riyal bakwai da rabi. In duka kuɗin ainihin albashi ne, awar ƙarin lokaci ta kama riyal sha ɗaya da kwata, dawrar awa huɗu ta tashi 45. Wato kamfanin da ya ƙi fitar da 45 ga wanda ya zo, shi ne ya karɓi 600 daga wanda bai zo ba. Gyaran 2025 ya buɗe ƙofar a ba mutum hutu a madadin kuɗin ƙarin lokaci, amma sai da yardarsa. Su babu kuɗin, babu hutun.

A ce ma mun bar wannan, mun yarda yaron ya yi laifi. Nawa ne farashin laifin, kuma wa ke yanke shi? Sashe na 66 ya lissafa hukunce-hukuncen da mai aiki zai iya yi, shida ne ba ƙari: inzari, tara, hana ƙarin albashi ko jinkirta shi na abin da bai wuce shekara ba, jinkirta ƙarin girma shi ma haka, dakatarwa ba albashi, sai kora a inda doka ta yarda. Na 67 ya ce babu wani hukunci sai wanda ke cikin doka ko cikin la'ihar tsarin aiki ta kamfanin. La'ihar nan kundi ne da kamfani ke tsarawa bisa samfurin ma'aikatar da ke kula da harkar ƙwadago, Wizaratul Mawaridil Bashariyya, kuma sashe na 13 ya ce a liƙa ta inda ma'aikata za su gani ko a isar musu ta wata hanya. Na tambayi majalisar ranar nan ko akwai wanda ya taɓa ganin ta kamfaninsa. Mutum ɗaya ya ce yana jin akwai wata takarda a bayan gilashi kusa da na'urar basma da ake dangwala yatsa in an zo aiki, bai taɓa tsayawa ba.

A ƙarshen samfurin akwai jadawalin laifuffuka da hukuncinsu, kashi uku: na lokutan aiki, na tsarin aiki, da na ɗabi'ar ma'aikaci. Abin lura shi ne hawa-hawa yake tafiya. Makara ta minti 15 da ba ta tsayar da aikin wasu ba, karon farko inzari ne a rubuce, na biyu kashi 5 cikin ɗari na kuɗin yini, na uku kashi 10, na huɗu kashi 20. Ga yaronmu kashi 5 ɗin riyal uku ne. Tsarin ke nan, a fara da jan kunne kafin a kai ga aljihu. Har sashe na 68 ya ƙara da cewa in kwana 180 suka wuce daga ranar da aka sanar da kai hukuncin baya, ba za a tsananta maka don ka maimaita ba. An wanke allo, a koma farko. Ke nan mushrif, mai kula da ma'aikata, ba shi da hurumin ya tashi da safe ransa a ɓace ya rubuta a zaure cewa duk wanda bai zo ba kwana goma ne. Sai ya nuna layin da laifin yake a la'iha, da hukuncin da ke gabansa, da kuma karo na nawa ne.

Sannan akwai rufin da ko la'ihar ba ta isa ta huda shi ba. Sashe na 70 ya ce tarar laifi ɗaya ba ta wuce kuɗin kwana biyar, ba a yin hukunci biyu a kan laifi ɗaya, abin da za a cire a wata guda don biyan tara ba ya wuce kuɗin kwana biyar, dakatarwa ba albashi ita ma ba ta wuce kwana biyar a wata. Ga mai 1,800, riyal 300 ke nan. Ko yaron ya aikata, ko an bi duk hanya, 600 ninki biyu ne na iyakar. Kuma a lura, kwana biyar ɗin iyaka ce, ba farashi ba. Wasu ofisoshin sun mayar da ita kamar kuɗin mota, kowane laifi kwana biyar. Batun hukunci biyu kuwa ana yawan takawa ba a ma sani ba: a ba mutum inzari, a cire masa kuɗi, a kuma ce ya zauna a gida kwana uku, duk kan dawra ɗaya.

Yanzu ga hanya, wadda a ganina ita ce zuciyar maganar. Sashe na 71 ya hana a hukunta ma'aikaci sai an sanar da shi a rubuce abin da ake tuhumarsa da shi, an yi masa tambayoyi, an ji kariyarsa, an rubuta duka a takardar zama an sa a fayil ɗinsa. Sassauci ɗaya aka yi: ƙaramin laifin da hukuncinsa bai wuce inzari ko kuɗin yini ɗaya ba, ana iya tambayar mutum da baki, amma shi ma sai an rubuta cewa an yi. Dalilin wannan a fili yake. Da an kira yaron minti biyar, da an ji cewa sanarwar ta fito ne awa kaɗan kafin dawrar, a ranar hutunsa, yana wani gari wurin jinya. Uzuri ba ya fitowa sai an tambaya. Sashe na 69 kuma ya sa agogo: ba a tuhumar mutum da laifin da aka gano fiye da kwana 30 da suka wuce, ba a kuma hukunta shi in an haura kwana 30 da kammala bincike. Dawrar da ka rasa a Muharram, ba a zo a tono ta a Rajab don an samu saɓani da kai.

A nan ne kuma mu muke cutar kanmu, wajen sa hannu. Kowa ya san yadda ake yi. Dawam ya ƙare, motar sakan na ta hon a waje, mushrif ya tare ka a ƙofa da takarda a kan katako, yatsansa a kan layi: "Waƙƙi' hina," wato sa hannu a nan. Ka sa hannu ka ruga. Ba ka san ko shaidar ka karɓi sanarwa ce ka sa wa hannu ba, ko ikirari ne cewa ka ƙi zuwa da gangan kuma ka yarda a cire. Sashe na 9 ya ce Larabci ne harshen takardun aiki, in an haɗa da wani harshe, na Larabcin shi ne abin kamawa. Saboda haka abin da aka fassara maka da baki a bakin ƙofa ba shi ne zai yi magana gobe ba. Ɗauki hoton takardar, ka ce za ka kawo da safe, ka nemi wanda ya iya ya karanta maka. A Makka da Madina da Jidda ba a rasa ɗalibi ko haifaffen nan da zai yi maka wannan a kan kofin shayi. In dole sai ka sa a lokacin, rubuta kusa da sa hannun cewa karɓa ka yi, ba amsa laifi ba. Ƙin karɓa ɗungurungum ba dabara ba ce, don sashe na 72 ya ce in ka ƙi ko ba ka nan, a aika maka ta wasiƙa mai rajista zuwa adireshin da ke fayil ɗinka, kwanakin ƙorafinka su fara tafiya kana zaune. Wanda ya riga ya sa hannu ma kada ya yanke ƙauna, sashe na 8 ya ɓata duk wani yafe haƙƙi da ma'aikaci ya yi yana cikin kwantiragi, sai in yafewar ta fi masa amfani.

Akwai wani sashe da in na faɗa mutane ba sa yarda sai na nuna musu, na 73. Tarar da aka cire ba ta kamfani ba ce. Dole a rubuta ta a rajista ta musamman, da sunan ma'aikaci da albashinsa da adadin tarar da dalilinta da ranarta, kuma ba a kashe kuɗin sai a abin da zai amfani ma'aikatan kamfanin, ta hannun kwamitin ma'aikata, in babu kwamiti sai da amincewar ma'aikatar. Hikimar ba ɓoyayya ba ce. Ranar da tara ta zama riba, ranar mai aiki zai fara addu'ar ka yi laifi. Tambaya ɗaya cikin ladabi, "Ya mudir, an shigar da wannan a rajistar garama?", takan sa ofis ya yi tsit.

Wasu kamfanonin sukan sauya wa abin suna, su ce ba tara ba ce, kuɗin mai koyarwa ne da suka biya kujerarka ta tashi a banza. Ita ma wannan ƙofar ƙunci gare ta. Sashe na 122 ya hana mai aiki ɗora wa ma'aikata ko cire musu wani kuɗi don samar da kariya daga haɗurran aiki. Sashe na 92 ya hana a cire komai a albashi ba da yardar mutum a rubuce ba, sai abubuwan da ya lissafa: bashin da ka ci a wurin mai aiki, shi ma ba ya wuce kashi 10 cikin ɗari, kuɗin inshorar da doka ta ɗora, tara da diyyar ɓarnar da ka yi, bashin da kotu ta yanke, da kaɗan irinsu. Na 93 ya ce in an haɗa duka kada su haura rabin albashi, sai in kotu ce ta ga dalili. Na 94 kuma ya ba kotu ikon ta sa a mayar maka da abin da aka cire ba bisa ƙa'ida ba, har ta ci mai aiki tarar da za ta iya kai ninki biyunsa.

Mai karatu zai ce, in doka ta fito haka sarai, me ya sa ake yi? Ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa ba mai kamfanin ba ne ma ya zauna ya tsara. Masu duba sun kusa zuwa, ana buƙatar takardar da ke nuna ma'aikata sun halarta, an tuna a makare. A sa dawrar cikin dawam yana nufin ɗakuna ba za su gyaru ba, sai a tura ta ranar hutu. Mushrif ya san mutane ba za su zo don Allah ba, sai ya yi barazana da adadi mai tsoratarwa. Wasu suka ƙi zuwa, shi kuma ba ya son maganarsa ta faɗi ƙasa, ya miƙa sunaye ga mai lissafi. Mai lissafi bai tambayi kowa ba. Daga sama har ƙasa an dogara ne a kan abu ɗaya, cewa baƙo ba zai yi magana ba.

Sai dai yanzu ɓoyewa ta yi wuya. Tun 2013 aka fara tsarin kare albashi, wanda ya tilasta biya ta banki, yau kuma kamfanoni suna ɗora bayanan albashi a shafin intanet na Mudad, kwantiragi yana rubuce a shafin Qiwa inda kai ma za ka iya buɗewa a wayarka ka gani. In abin da ya shiga asusunka ya gaza abin da ke kwantiragi sosai, kamfani yakan shigar da dalili, a turo wa ma'aikaci ya amince ko ya ƙi. Kar ka danna amincewa don kawai saƙon ya daina damunka, kar kuma ka ba wani a ofis wayarka ya danna maka.

Hanyar ƙorafi ba doguwa ba ce. Bayan gyaran da ya fara aiki a 2025, sashe na 72 ya ba ka kwana 30, ban da ranakun hutun hukuma, ka rubuta ƙorafi ga kamfanin kansa. In sun ƙi, ko kwana 15 suka wuce ba amsa a rubuce, kana da wasu kwana 30 ka ɗaukaka zuwa kotun ma'aikata. Kotunan nan sun fara aiki a 2018 ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, kuma kafin a kai gare su ana bi ta zaman sulhu na ofishin ƙwadago, wanda aka ba kwana 21 na aiki, ta intanet ake shigar da buƙatar. Wanda ya bar aikin kuma kada ya wuce wata 12 bai nemi haƙƙinsa ba, bayan nan da wuya a saurare shi.

Ba zan yaudari kowa ba, dattijon nan yana da abin da ya hango. Takarda tana ba ka gaskiya, amma ba ta tilasta wa kamfani ya sabunta maka kwantiragi in ya ƙare, kuma mushrif ɗin da ka kai ƙara shi zai raba aiki gobe da safe. A kan riyal talatin ni kaina ba zan ce ka tayar da ƙura ba, ajiye hoton takardar kawai. Amma sulusin albashi, kuɗin da ake jira a gida don buhun masara da kuɗin makaranta, wannan ya isa a rubuta wasiƙa. Kuma wasiƙa ta fi hayaniya a ofis, don hayaniya ita kanta tana cikin jadawalin laifuffuka.

A daren muka rubuta masa, layi biyar da Larabci, ba zagi ba barazana. Ranar dawrar da lokacin da aka sanar, hoton saƙon zauren da agogonsa a jiki, takardar asibitin gwaggonsa, cewa ba a yi masa tambaya ba kamar yadda sashe na 71 ya ce, cewa adadin ya haura iyakar sashe na 70, sai roƙon a mayar masa da kuɗinsa a kuma sa masa ranar da zai yi dawrar. Na ce ya buga kwafi biyu, ya sa a buga masa hatimin karɓa a ɗaya ya dawo da shi.

Albashin wata mai zuwa ya shigo da ƙarin 300. Sauran 300 ɗin suka ce kwana biyar haƙƙinsu ne. Na ce masa ba haƙƙinsu ba ne tunda ba a ji ta bakinsa ba, in yana so mu ci gaba. Ya yi shiru, ya juya kofin shayinsa, ya ce, "Kawu, saura wata huɗu a sabunta mini. Bari in tsaya nan." Ban matsa masa ba.

Dawrar kuwa an sake sa ta ranar Talata da ƙarfe goma, cikin dawam, su goma sha ɗaya da suka rasa ta farko. Da ya dawo yake ba mu labari, wai shekararsa biyu yana wuce jar tukunyar kashe wutar nan a kowane hawa, bai taɓa sanin akwai wani ɗan ƙarfe da ake zarewa ba kafin a matsa.